Famfon da Jauro Ke Gadi

Ku da aka turo mini koyon gyaran famfo, na ga irin kallon da kuka yi wa akwatin kayana jiya. Ɗayanku har ya ɗaga babban kile, abin da mutanen Najeriya ke ce wa sufana, ya jinjina shi a hannu, ya ce wa ɗan'uwansa da Faransanci wai wannan ai ba aiki ba ne, kwance noti ne da ɗaure noti. Yana zaton ban ji ba. Lekol ɗina, wato karatun boko, bai yi nisa ba, amma wanda ya tashi a unguwarmu ta Rumde Ajiya babu harshen da za a yi gulmarsa da shi bai gane ba. Ban ji haushi ba, don ni ma haka na ɗauki sana'ar ranar da na shigo ta. Ku gyara zama, shayin ma bai tafasa ba tukuna.

Sunana Isiyaku. Ubana mahauci ne a nan Garwa, kakana kuma fatauci ya kawo shi daga ƙasar Kano, ya ga wuri ya zauna. Da an bi gado, da yanzu tsire nake sayar muku. Amma ni tun ina ƙarami Allah ya jarrabe ni da son sanin abin da ke cikin abu. Na kwance rediyon babana don in ga mai maganar, na kwance sikelin awon nama don in ga abin da ke motsa allurar, na sha duka har na gode Allah, ban daina ba. Da aka ga ba ni da amfani a mahauta, sai aka kai ni wurin mai gyaran keke. Ina nan ina liƙin taya aka ce ma'aikatar ruwa ta ƙasa na neman samari masu hannu, don an haƙa rijiyoyin burtsatse, waɗanda mu nan muke ce wa foraj, a ƙauyuka ko'ina daga bakin Binuwai har Maga, amma in famfo ya tsaya babu mai tayar da shi. Aka tara mu a ofishinsu, aka koya mana sunayen sassa, aka ba kowa akwatin kaya da yankin da zai riƙa zagayawa. Na fito ina jin babu famfon da zai gagare ni a duniya.

Sai aka haɗa ni da Maigida Hammadu, tsohon mahaƙin rijiya da ya koma gyara bayan gwiwa ta hana shi sauka rami. Famfo na farko da muka je tare yana wani ƙauyen masu auduga ne. Ina sauka daga babur na buɗe akwati, tun ba mu gama gaisawa da mutane ba. Ya sa ƙafa ya rufe akwatin.

"Wa ya ce maka ciwon a nan sama yake?" in ji shi. "Kama hannun ka tuƙa. Rufe bakinka, buɗe kunne."

Na tuƙa, na ji hannun sakayau, babu nauyi ko kaɗan. Ya ce to sanda ta kwance a ƙasa ke nan, babu abin da nake ɗagowa sai iska. Da hannun na da nauyi amma sai an daɗe ana tuƙi kafin ruwa ya fito, da bawul ɗin ƙasa ne ke yoyo, ruwan yana zurarewa ya koma duk lokacin da aka bar shi. In kuwa ruwa na zuwa amma siriri, roba ce ta cinye. Na daɗe a hannunsa bai bari na taɓa kile ba sai na faɗi ciwon tukuna. In na canka daidai ba ya yabo, in na kuskure kuwa har mai kawo mana ruwan sha sai ya gaya wa.

Famfo iri biyu muke da shi a ƙasar nan, kuma ku riƙe wannan don labarin da zan ba ku a kansa yake. Akwai na hannu, mai sanduna da bututun ƙarfe, wanda sai ƙarti sun taru kafin a zaro shi. Akwai kuma na ƙafa, wanda ake takawa. Shi bututunsa na roba ne, a ƙarshensa can ƙasa akwai wata jakar roba da ke kumbura ta motse, ita ke koro ruwan sama. Gyaransa ba wuya, amma takunsa aiki ne. Matakin yana da tsawo, sai ka ɗaga ƙafa kusan gwiwa, ka kama ƙarfen da ke gabanka, ka hau da duk nauyinka, ka sauka, ka sake hawa. Duk jikin mutum motsi yake.

A wajen Maga, cikin masu noman shinkafa, na taɓa tarar da aikin samari irinku. Famfon hannu ya tsaya, suka ce me za a jira, ai kwance noti ne. Suka zaro bututu ba su kafa maƙalin da ke riƙe shi ba, ya suɓuce musu, sanduna da komai suka tafi ƙasa. Ramin foraj bai fi bakin kwano faɗi ba, mutum ba ya shiga, hannu ba ya kaiwa. Maigida Hammadu ya jira rana ta take, ya karɓi madubin wata amarya, ya harba hasken cikin ramin, ba mu ga komai ba sai ƙyallin ruwa. Sai ya aika aka sayo sabulun wanki, ya ɗaure shi a gindin wani guntun ƙarfe, muka zura da igiya har ya dira a kan abin da ya faɗa. Da muka jawo, ga shatar bakin bututun a jikin sabulu, a karkace, gefe guda ya lotsa. Da wannan shatar muka je wurin maƙeri ya ƙera mana ƙugiya daidai bakin. Mun yi kwanaki muna zurawa muna jawowa kamar masuntan tafkin Maga, mutanen gari suna tsaye a kanmu, kowa na ba da shawara. Ranar da ƙugiya ta kama, matan garin suka yi guɗa, samarin kuwa ko ɗaya ban gani ba. Tun daga ranar akwai madubi da sabulu a akwatina, su ne kuka gani jiya kuka yi dariya.

Masu kiranmu iri-iri ne. Akwai garin da in famfo ya fara kuka sai a ɗura masa baƙin man inji, a sha ruwa yana warin gareji, ana cewa ai ya yi laushi. Akwai inda ake dukansa da dutse in ya yi gardama. Akwai masu barin shanu su kewaye shi har wurin ya zama taɓo, ruwan kashin ya riƙa komawa ta tsagar siminti. Duk waɗannan na san maganinsu, faɗa ne da siminti da haƙuri. Wanda ya ɗaure mini kai shi ne famfon da ya fi kowanne samun kulawa a yankina.

Yana wani ƙauye bayan Gidar, a gefen mayo, wato rafin nan da ke bushewa da rani ya zama yashi. Ba zan faɗi sunan garin ba, don jikokin mutanen suna nan, wasu ma dillalan shanu ne a kasuwar Garwa. Lokacin Maigida Hammadu ya riga ya rasu, ni kaɗai nake yawo. Mai garin, Jauro Buba, dogon Bafulatani ne, tsoho, mai magana a hankali. Da masu haƙa suka zo, sun sami ruwa a wurare da dama, suka tambayi mazan gari inda suke so. Maza suka ce ina kuwa ya wuce ƙofar gidan Jauro, kusa da masallaci, daura da tsamiyar da yake zama ƙarƙashinta tun zamanin ubansa? A nan aka kafa famfon ƙafa.

Ban taɓa ganin mai riƙon famfo kamar Jauro Buba ba. Da kansa yake sa a share simintin. Ba a hawa da takalmi. Akuya ba ta isa ta raɓi wurin ba. Ya sa sarƙa da kwado, mabuɗin yana ɗaure a jikin carbinsa. In an fito sallar asuba ya buɗe, ya shimfiɗa buzunsa a gindin tsamiya, dattawa su taru a gefensa, nan za su wuni. Da magariba in zai shiga gida ya kulle. In yara suka hau su biyu suna tsalle a kan mataki, tsawa ɗaya zai yi su watse. Har misali nake yi da shi a sauran garuruwa.

Amma shi ne ya fi kowa aiko mini.

Kiran farko, na same shi a gindin tsamiya, na durƙusa muka gaisa.

"Jam na, Baba Jauro?"

"Jam, ɗana. Sai dai famfonka. Mata sun ce ruwan yana ɗanɗanon ƙarfe. Sun koma tonon yashi a mayo."

Na taka, na tara hannu na sha. Ruwa garau, mai sanyi. Bututun ma na roba ne, ina zai samo ƙarfe? Duk da haka na zaro komai na wanke, na mayar. Bayan 'yan makonni ya sake aikowa, wai yanzu sun ce sabulu ba ya kumfa da shi. Na ciro sabuluna na wanke hulata a gabansa, kumfa har gwiwar hannu. Kira na gaba wai nono yana tsinkewa in an wanke ƙwarya da ruwan. Daga nan wai wake ba ya nuna. Kowane zuwa da sabon laifi, kuma ban taɓa ganin mai ƙarar da idona ba, kullum "mata sun ce" ne.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne robobin da ke cikin matakin. Su ne ke fara cinyewa a famfon ƙafa, a gari mai yawan mutane kamar wannan ba sa ganin damina biyu. Na ciro na Jauro na juya su a hannu, kamar ranar da aka sa su. Na tafi gida ina tunani, ina cin tuwo ina tunani, har maiɗakina ta tambaye ni ko aure zan ƙara.

Na ɗebi ruwan a kwalba na kai ofishin ma'aikatar ruwa. Akwai wata injiniya a can, 'yar Marwa, Madam muke ce mata, mace mai saurare. Da sakamako ya fito ta kira ni.

"Bon, Malam Isiyaku, ruwanka lafiya lau. Ya fi na gidana ma," ta ce. Sai ta rage murya. "Amma ka ji, kwalara ta ɓulla a sama da mayon nan, an fara kwantar da mutane a lopital na Gidar. Ruwan farko ya sauka, duk ƙazantar da ke bakin rafi yanzu tana cikin yashin. Famfonka yana aiki, na yarda. Wa ke shan sa? Wannan nake so ka gano mini."

Ta ba ni jabel, maganin nan da ake ɗigawa a ruwa, ta ce in raba. Wannan ita ce shekarar amai da gudawa, wadda duk wanda ya yi aikin ruwa a arewa ba ya mantawa. Ka bar mutum da safe yana shan kunu, ka dawo la'asar an tafi da shi a amalanke. Tsoro ya kama ni ƙwarai, don na san kusan kowace randa a garin Jauro daga mayo ake cika ta.

Washegari na koma, ban ko kwance akwati daga babur ba. Na ce wa Jauro yau sauraron famfo na zo yi, na sami wuri a gefen dattawa na zauna. Na wuni ina kallo. Maza suka taka suka cika butoci. Wani mai shanu da ke wucewa ya sha. Tsofaffin mata suka zo da 'yan tuluna, suna takawa da ƙyar. 'Yan mata ƙanana suka zo, nauyinsu bai isa ya danne matakin ba, in sun hau su biyu kuma Jauro ya yi tsawa. Matar aure mai jini a jika ko ɗaya ba ta zo ba. Amma can bayan gidaje, ta tsakanin zana da zana, ina hango kawunan tuluna suna wucewa a jere, sun nufi rafi.

Na bi su daga nesa. A bakin mayo na tarar da wata tsohuwa zaune a kan dutse tana tauna goro, Dada Asta, ungozomar garin, kuma taubashiyar Jauro ce, abokiyar wasansa. Matan suna ganina suka ja mayafi suka juya baya, suna kwasar ruwa da ƙoƙo daga ramukan da suka tona. Ruwan ya yi kalar kunun kanwa.

Na gaishe ta, na ce, "Dada, don Allah ki fitar da ni daga duhu. Me famfon nan ya yi muku?"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Kai Kaɗo, kana da mata?"

"Ina da ita."

"Ubanka na da rai?"

"Yana nan."

"To ka koma Garwa, ka zaunar da ubanka a kan buzu, ka kira matarka ta zo gabansa ta ɗage ƙafa har gwiwa, ta yi ta tsalle, gaba na rawa baya na rawa, zani na buɗewa. In ta yarda, ka dawo ka gaya mini."

Na taka famfon nan ban san iyaka ba, amma kullum da wando nake takawa.

Ta ce rabin matan garin surukan Jauro ne, ko matan 'ya'yansa ko na 'ya'yan ƙannensa, sauran kuma surukansu na zaune a gefensa. Macen da ko sunan surukinta ba ta faɗi, ba ta cin abinci a gabansa, in ta hango shi a hanya sai ta ratse, ita za ta hau wannan abu yana kallo? Famfon kuma ba ya buɗe sai Jauro yana zaune, ba ya kulle sai ya tashi. In ya tambayi dalilin zuwansu rafi, dole a ba shi amsa, sai a ce ƙarfe, a ce sabulu.

"Mazajensu fa?" na ce. "Ba su sani ba?"

"Sun sani mana. Wane ɗa ne zai buɗe baki ya yi wa ubansa zancen ƙafar matarsa?"

"Ke fa, Dada? Ai ke kina iya gaya masa komai."

"Na gaya masa. Na ce Buba, ka tsare wa mata ruwa da wannan gemun naka. Ya yi dariya ya ce kishi nake. Wanda kuka saba wasa da shi tun kuna tsirara, duk abin da ka faɗa masa wasa ne." Ta tofar da goro, fuskarta ta canza. "Jiya da la'asar aka tafi asibitin Gidar da yaron Hapsatu, matar autan Jauro. Takwaran Buba ne yaron, shi ya yi masa huɗuba. Yau da safe kuma gida biyu sun kwana da gudawa."

Na raba musu jabel, na nuna yadda ake ɗigawa, amma na san ɗan abin da ke hannuna ba zai kai ko'ina ba. Ga ruwa mai kyau a tsakiyar gari, an kewaye shi ana zuwa ɗibar ciwo. Na juyo ina tafe ina shirya maganar da zan yi wa Jauro, duk wadda na ɗauko sai in ji ba ta faɗuwa. Ni baƙo, sa'an ɗansa, in tsaya a gaban dattawa in yi zancen jikin surukansa? Kafin in kai ƙarshe an kore ni, kuma an rufe maganar har abada. Sai na tuna ni ba mai wa'azi ba ne, mai gyara ne, kuma mai gyara nuna wa mutum yake yi. Na koma wurin Dada na ce ta ara mini zani.

Ta daɗe tana kallona, sannan ta kwance na kafaɗarta ta miƙo mini. "Allah ya sa ubanka kada ya ji," ta ce, ta taso ta biyo ni.

Ba zan ɓoye muku ba, na so in fasa. Ɗan mahauci daga Rumde Ajiya, da gemuna da iyalina, in labari ya kai Garwa cewa an gan ni da zanin mace a dandali, na san sunan da za a sa mini. Bayan la'asar ce, majalisa ta cika. Na tsaya a gefen famfo, na naɗe wandona har cinya, na ɗaura zanin a ƙugu irin ɗaurin mata.

"Baba Jauro," na ce, "na gano ciwon famfon. Amma ba ya faɗuwa, sai dai a gani. Ka yi mini haƙuri."

Dattawa suka tuntsire da dariya. Wani ya ce Kaɗo ya sha rana, wani ya ce a nemo masa ɗankwali. Jauro ma ya murmusa. Na tuɓe takalmi, na kama ƙarfen, na ɗaga ƙafa na ɗora a mataki. Zanin ya rabe har sama da gwiwa. Na hau, na sauka, na sake hawa. Na sa hannu ɗaya in kame bakin zanin, sai na rasa ƙarfin takawa, na saki na kama ƙarfe, ya sake buɗewa. Ruwa ya fara zuba, ban tsaya ba, na ci gaba kamar mai cika babban tulu, ina fuskantar tsamiya, don haka aka kafa famfon, babu yadda za ka taka shi ba ka fuskance ta ba.

Dariyar ta riƙa raguwa har ta ɗauke. Wani dattijo ya sunkuyar da kai yana wasa da yashi. Na ga Jauro ya dube ni, ya dubi inda yake zaune, ya dubi ratar da ke tsakaninmu, wadda ba ta fi a miƙa wa mutum buta ba. Sai ya kawar da fuskarsa gefe da sauri, kamar yadda zai yi da a ce surukarsa ce a wurin.

Na sauka. Sauran ruwan yana gangarawa a kwata.

"Asta," in ji Jauro, bai ɗago ba. "Tun yaushe?"

"Tun ranar da aka kafa shi, Buba."

"Hapsatu ma?"

"Ita ce ke fara zuwa mayo, don kada ta haɗu da kai a hanya."

Ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya kwance mabuɗin daga jikinsa, ƙullin ya ƙi har sai da ya sa haƙori, ya miƙa mata. Na yi saurin cewa ai ana iya kewaye famfon da zana, ba sai kowa ya tashi ba. Dada ta ce zana ba ta hana mace sanin wanda ke bayanta. Jauro ya miƙe, ya naɗe buzunsa da kansa, wani ya kai hannu zai karɓa ya hana. Ya ɗauki butarsa ya zagaya bayan masallaci, inda babu itace ko ɗaya, sai bango da rana. Dattawa suka bi shi ɗaya bayan ɗaya.

Dada ta tsaya a tsakiyar fili ta ƙwala kira da Fulatanci. Can sai wata ta leƙo, ta ga gindin tsamiya wayam, ta koma ta fito da tulu. Kafin magariba layi ya kai ƙofar gidan Jauro. Na sa aka zubar da ruwan randuna, aka wanke su da jabel, ni kuma na ja babur ɗina can nesa na ba su baya, don ni ma namiji ne. Da na kai wa Madam labari ta yi dariya har da hawaye, amma daga baya duk inda za a kafa sabon famfo sai ta tara mata su kaɗai ta tambaye su. Sunan da nake tsoro kuwa an sa mini, har yau akwai tsofaffin da ke ce mini Mai Zani a tashar Gidar, ina amsawa.

Ciwon bai yi yawa a garin ba bayan haka, waɗanda suka kwanta sun tashi. Yaron Hapsatu ne bai dawo ba. A can Gidar aka binne shi, ba a ko ba su gawar ba, don haka ake yi da masu wannan ciwo.

Na je gaisuwa bayan an yi addu'ar bakwai. Na sami Jauro a bayan masallaci, ya matsa jikin bango yana bin 'yar inuwar da ba ta rufe gwiwarsa ba. Ya rame. Na yi masa ta'aziyya, ya amsa. Tausayinsa ya kama ni, sai na ce ko a kafa masa rumfa a nan. Ya ce a bari tukuna.

Daga bayan bangon ana jin famfo, taku bayan taku, ba hutawa, da hayaniyar mata da ƙarar bokiti. Can aka sami wata mai ƙarfi ta hau, takun ya canza, ya yi sauri, kamar mai huce haushi a kan ƙarfen. Jauro ya karkata kai yana saurare.

"Wannan wace ce?" ya ce.

Na yunƙura zan leƙa ta kusurwar masallaci, ya kama hannun rigata ya zaunar da ni.

"A'a, ɗana. Kada ka duba. Bar su su ɗiba."